Ina Sauran Karatun? Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban NITDA

Zuwa ga Malam Kashifu Inuwa Abdullahi,
Babban Daraktan Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwar Zamani ta Ƙasa, NITDA,
Abuja.



Ranka ya daɗe, 

Ba ka san ni ba, kuma babu dalilin da zai sa ka san ni. Ni mai ɗaukar karatu ne. Sana'ata ke nan tun zamanin da ake girke rikoda a gaban malami, a tsuguna kusa da ita ana jiran ta yi ƙwas a juya kaset. Yanzu kyamara ce da waya da kwamfuta, amma aikin yana nan yadda yake: malam ya yi magana, ni in kama ta, in kai wa wanda bai samu zuwa ba. Ina kuma da ɗan shago inda ake kawo min tsofaffin kaset-kaset in juye su cikin mamori.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a azumin da ya wuce. Malamin da nake ɗauka yana da wata ɗabi'a ta malaman da: idan zai warware wata fahimta, sai ya fara shimfiɗa ta tsaf, ya kawo hujjojin masu ita yadda su kansu za su ji daɗi, sannan ya gyara zama ya ce, "To amma fa." Daga nan ne nasa bayanin yake farawa. Wani bawan Allah, wanda har yau ban san ko wane ne ba, ya ciro sakan arba'in daga karatun awa ɗaya da rabi, ya datse shi daidai kafin malam ya ce "to amma fa". Kafin a sha ruwa washegari guntun ya zagaye wayoyi. Aka yi ta zagi, wasu suka fara shirya raddi, ɗalibai suka harzuƙa. Na ɗauko cikakken karatun na ɗora, na bi duk inda na ga guntun ina liƙa adireshinsa. Waɗanda suka tsaya suka kalli cikakken ba za su cika sahu biyu a masallacinmu ba. Har yau akwai wanda idan aka ambaci sunan malam, abin da malam ya ƙaryata shi yake jingina masa.

Kada ka ɗauka rufe wani shafi na zo roƙo. Mun ga rufewa. Twitter ya yi wata bakwai a kulle a ƙasar nan, daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022, kuma kai ne ka jagoranci kwamitin ƙwararrun da ya tattauna da kamfanin, da sunanka sanarwar buɗewar ta fito. Wannan ne ma dalilin da ya sa na zaɓe ka. Ka zauna da mutanen nan ido da ido, ka san yarensu, ga shi kuma ka san namu. Ba sai na yi maka dogon bayani a kan mene ne tafsirin azumi ba, ko abin da ya sa ba a sauraron makaɗin fada a tsaitsaye.

Bari in fara da inda iyakar tsayin bidiyo ta samo asali, don da yawa cikin abokan sana'ata sun ɗauka rowa ce kawai. Bidiyon farko da aka ɗora a YouTube, ranar 23 ga Afrilun 2005, bai kai sakan 20 ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shafin ne tsaye a gaban giwaye a gidan namun daji. Kafin shekara ta zagayo, jama'a sun cika shafin da finafinai da shirye-shiryen talabijin waɗanda ba nasu ba. A watan Maris na 2006 kamfanin ya yanke cewa bidiyo ba zai wuce minti 10 ba, don ya lura mafi yawan masu wuce hakan kayan wasu ne aka kwaso. Google ya saye shafin a ƙarshen wannan shekarar a kan dala biliyan 1.65, kuma a Maris na 2007 kamfanin Viacom ya maka shi a kotu yana neman diyyar dala biliyan 1. Don ɓarawo aka gina katangar, amma da ta tsaya har mai kayan kansa ta tare. Sai a Yulin 2010 aka ƙara zuwa minti 15, a Disambar wannan shekarar kuma aka fara ɗage iyakar ga waɗanda ba a taɓa kama su da laifi ba. Abin da ya ba su ƙwarin gwiwar yin haka shi ne wata na'ura da suka ƙirƙiro tun 2007, Content ID, mai shinshino sauti da hoto ta gane na wane ne. Ka riƙe min sunan nan, ranka ya daɗe, zan dawo kansa.

A shekarun nan na minti goma na fara ɗora karatu a intanet. Ka yi lissafin da ni. Dare 29, kowane dare minti 90, ya kama minti 2,610. Idan ka raba goma-goma, gutsure 261 ke nan, in har ka yanka daidai kan layi, abin da ba ya yiwuwa, don dole ka nemi inda malam ya numfasa. A kafe nake kwana, in sayi lokacin dare, in zuba wa layin nan mai tafiyar hawainiya ido. Ya kai kashi tamanin, a ɗauke wuta, kafin a tada janareta komai ya koma farko. Akwai daren da na ɗora kashi na ɗaya zuwa na shida, da na takwas zuwa na goma, barci ya sace ni a kan na bakwai, kuma ban lura ba sai bayan shekara biyu, lokacin kwamfutar da ke ɗauke da asalin ta riga ta mutu. Mutane sun daɗe suna tambaya a ƙarƙashin na shida: "Ina na bakwai?" Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: iyaka ba baƙuwarmu ba ce, kuma ba intanet ce ta kawo ta ba. Faifan garmaho minti uku da ɗan ɗoriya yake ɗauka a kowace fuska, ga shi kuwa makaɗanmu mutane ne masu kwana suna waƙa ɗaya. Da kaset ya zo, mai lamba 60 minti 30 yake ci a gefe guda, mai lamba 90 kuma minti 45. Duk wanda ya taso da kaset ɗin Shata ko na Ɗanƙwairo ya san wurin nan da waƙa take tsinkewa a tsakiyar ɗiya, a juya, a tarar makaɗi ya yi gaba ya bar ka. Finafinan Hausa ma, tun daga Turmin Danya a 1990, sun saba fitowa na ɗaya da na biyu, wani lokaci don abin ɗaukar ya cika, wani lokaci kuma don 'yan kasuwar Ƙofar Wambai sun gane kaset biyu ya fi ɗaya kawo kuɗi.

Sai dai akwai bambanci guda, kuma saboda shi na rubuto wasiƙar nan. Kaset, duk inda gefen farko ya je, da na biyu yake tafiya. Gida ɗaya suke, ba ka iya ara wa mutum gefe ɗaya ka riƙe ɗaya. Wanda ya ji malam yana shimfiɗa hujjar abokin hamayya a ƙarshen gefen farko, juyawa kawai zai yi ya ji warwarar. Guntun bidiyo kuwa maraya ne. Ya fita gida ba suna, ba kwanan wata, ba alamar cewa akwai abin da ya gabace shi ko abin da ya biyo bayansa. Wanda ya same shi a waya yana ganin ya ji magana, bai san kan maganar kawai aka miƙo masa ba.

Mu kuwa mutane ne da suka daɗe da sanin haɗarin yanke magana a inda bai dace ba, har muna da fannin ilimi guda a kansa. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san waƙafi da ibtida'i, wato inda ake tsayawa da inda ake farawa. Ya san akwai tsayawa cikakkiya, akwai mai kyau, akwai kuma mummuna, wadda take juya ma'ana ta koma kishiyarta. Yaro yana ƙarami ake nuna masa ayar da ta hana kusantar salla a halin maye, a ce masa idan numfashinka ya ƙare kafin ka kai ƙarshen zancen, koma baya ka haɗo. Haka ake yi masa a ayar nan ta Suratul Ma'un da ta yi gargaɗi ga wasu masu salla, wadda ba a fahimtarta sai da ayar da ke biye da ita. A mus'hafai da yawa har alama ake sawa a saman kalma mai nuna cewa nan ba wurin tsayawa ba ne. Malamai sun yi ƙarnuka suna wannan hidima domin sun san mai karatu ɗan Adam ne, numfashinsa yana da iyaka, don haka suka koya masa yadda zai yi da iyakar. Manhajar waya ita ma tana da numfashi, sakan 60 ko 90 ko minti 3, amma ba ta zauna gaban alaramma ba. Inda ƙidayarta ta cika nan take tsayawa. Yaron da ke riƙe da ita shi ma sau da yawa ba inda ma'ana ta cika yake nema ba, inda za a ce "kai!" yake nema.

Kar a ce ina gaba da gajeren abu. Bahaushe gwanin gajarta magana ne. Karin magana numfashi ɗaya ce, kirari ma haka, kacici-kacici ma haka. Amma waɗannan a gajarce aka haife su, kansu da ƙafarsu duk suna nan. Gajere daban, guntu daban. Na kuma san matar da take lallaɓa datar naira ɗari biyu ba za ta buɗe karatun awa biyu ba, kuma minti ɗaya na nasiha da ya iso gare ta ya fi babu. Ni kaina ina yanka gajeru, su ne ma suke jawo mutane zuwa tashata.

Yau kowane dandali da mudunsa. TikTok ya faro da sakan 15, ya koma minti 1, ya kai minti 3 a 2021, ya kai 10 a 2022. Gajerun bidiyon YouTube, Shorts, sun tashi daga minti 1 zuwa 3 a Oktoban 2024, Reels na Instagram suka bi sahu a farkon 2025. A X, wato tsohon Twitter, wanda bai biya kuɗin wata ba minti 2 da sakan 20 ne rabonsa. Sitatus na WhatsApp ya yi shekaru a kan sakan 30, shi ya sa za ka ga an jera wa'azi guda ɗigo-ɗigo kamar carbi, mai kallo ya ga uku na farko ya tsallake sauran. Ma'aunin kuma ba ta gefe ɗaya yake matsa ba. Tun 2020 bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya sa masa talla a tsakiya a YouTube, kuma babbar hanyar fara samun kuɗin talla ita ce mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Saboda haka mai maganar minti uku sai ya ja ta kamar ƙaro ta kai takwas. Ka duba wasu finafinanmu masu dogon zango: a nuna mota ta fito daga gida, a nuna ta a titi, a nuna ta a wani titin, a nuna maigadi yana buɗe ƙofa a natse. Masu abin faɗa kamar Labarina da Izzar So sun nuna mutanenmu za su zauna awa guda cur in dai akwai labari. Wasu kuwa agogo suke yi wa fim. Mai dogon zance an gutsure shi, mai gajere an miƙe shi, kowa ya bar tsayin da maganarsa ta nema ya koma wanda mudu ya nema.

Mu ma masu ɗauka ba mu tsira ba. Mu ne muke rubuta "Innalillahi, ku ji abin da malam ya faɗa" a saman guntu. Kuma, Allah ya yafe mana baki ɗaya, akwai malaman da suka gane inda kyamara take, suka fara jefa jimlolin da suka san su za a ciro.

Yanzu in zo kan abin da yake hannunka.

Na farko abu ne mai arha har ina jin kunyar roƙonsa. A yau sabon asusu a YouTube minti 15 ne iyakarsa, amma da zarar mutum ya tantance kansa da lambar waya, aka turo masa lambobi ta saƙo ya shigar, sai iyakar ta koma awa 12 ko giga 256, duk wanda aka fara cimmawa. Aikin bai kai a sha shayi ba. Amma a bana wani yaro ya zo shagona daga wani gari, ya kwana biyu yana yayyanka wa'azin maulidi gida tara don ya shiga minti goma sha biyar-biyar. Ƙofar da yake ta haurawa ta katanga shekara goma sha ce a buɗe, ba wanda ya gaya masa da harshen da yake ji. Da na nuna masa, dariya ya yi, sannan ya yi shiru. Hukumarka tana horar da matasa, ga shirin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 don samar da ƙwararru miliyan uku. Madalla da wannan. Amma a ƙarƙashin masu koyon rubuta manhaja akwai wani rukuni da ba a ƙidaya su: yaran masallatai masu riƙe kyamara, masu tura waƙa da fim a Farm Centre da titin Beirut na nan Kano da kowace tasha, masu ɗaukar biki da wasan dambe. Su ne ainihin ma'aikatan adana maganar Hausa a yau, ko sun sani ko ba su sani ba. Darasi goma da Hausa, a rediyo da waya, zai canza aikinsu.

Abin da za a koya musu ba ɓoyayye ba ne. Bidiyo mai kyawun 1080, a ma'aunin da YouTube da kansa ya ba da shawara, yana cin kusan giga 3.6 a awa guda. Mai 720 ya haura giga 2 kaɗan, mai 480 kuma giga 1 da 'yan kai. Malamin da ke zaune a kan buzu ba ƙwallo yake bugawa ba, 480 ta ishe shi, kuma akwai manhajar kyauta irin HandBrake da ke matse fayil ba tare da murya ta lalace ba. In murya kaɗai ake so, awa guda ba ta wuce mega 30 in an matse ta daidai. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan lissafi ya zama shi ne bambancin a ɗora karatu cikakke ko a ɗora guntu a haƙura. Na san farashin data ba a teburinka yake ba, amma ku da NCC uwarku ɗaya, ma'aikata guda kuke. Ga mutumin Gumel ko Illela, iyakar gaske ba wadda aka rubuta a Kalifoniya ba ce, wadda ke cikin aljihunsa ce. A koya musu kuma, in za su yanka, su rubuta sunan malami da ranar karatu da lambar kashi a jikin hoton kansa, yadda ko an sauke an sake turawa shaidar tana nan. A koya musu waƙafi.

Na biyu shi ne babban. A 2022 hukumarka ta fitar da ƙa'idojin aiki ga manyan dandalin intanet, inda aka nemi su sami wakili a ƙasar nan, su kuma riƙa kawo rahoton shekara. Ke nan akwai tebur, akwai ranar zama. Na lura yawancin abin da ake tattaunawa a irin wannan zama shi ne me za a goge, guda nawa aka goge. Ina roƙon ka kai musu wata buƙata ta daban: a ɗaura wa guntu igiyar komawa gida. Duk gajeren bidiyon da aka ciro daga dogo, ya fito da alama ƙarara cewa yanki ne, daga minti kaza zuwa kaza, ga kuma inda za a taɓa a je ga cikakken.

Za su ce da wuya. A nan ne zan dawo da Content ID. Idan ana biki aka saki waƙar wani kamfani a lasifika daga nesa, na'urar tana jiyo ta cikin hayaniyar mata da yara, ta gane mai ita, ta karkatar da kuɗin talla zuwa gare shi. Hancin da ya iya shinshino wannan ba zai kasa gane cewa sakan arba'in ɗin nan daga karatun ranar sha bakwai ga azumi aka ciro su ba. An gina ta ne don kare dukiyar masu dukiya, shi ya sa dukiya kaɗai take gani. YouTube ma ya riga ya yi rabin aikin: in mai tasha ya yanki gajere daga dogon bidiyonsa ta cikin manhajar, gajeren yana nuna asalinsa. Abin da ya rage shi ne guntun da wani ya sauke, ya yanka, ya sake ɗorawa a wani wurin, kuma shi ne mai kunna wutar. Na san WhatsApp ba ya ganin abin da ke cikin saƙo, don haka wannan dabara ba za ta yi aiki a can kai tsaye ba. Amma su ma da jita-jita ta yi ɓarna a Indiya sun samo abin yi: suka sa alamar an turo, suka rage yawan mutanen da za a tura wa saƙo lokaci guda. Da aka matsa, an samu hanya. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana da bakin da za ta nemi abu, musamman abin da bai tauye kowa ba. Ba a hana mai yanka yankansa ba, ba a goge komai ba, an dai bar wa mai kallo hanyar juya kaset.

Kuma kada a ɗauka matsalar malamai ce kaɗai. Fasto ma ana yi masa, ɗan siyasa ana yi masa, basarake ana yi masa, likitan da ke bayanin rigakafi ana yi masa. Kai kanka, ranka ya daɗe, duk ranar da ka yi jawabin minti arba'in, kana hannun wanda ya zaɓi sakan ashirin.

Sai dai igiya ba ta da amfani in babu turke. Nan ne buƙata ta uku ta shigo, kuma ita ce ta fi hana ni barci. Daga 19 ga Fabrairun 2025, Facebook ya sauya tsarinsa: bidiyon da aka yaɗa kai tsaye kwana 30 yake yi a goge shi, tsofaffin ma aka ba da wa'adi a kwashe su. Sun sanar, sun ba da hanyar saukewa, gidansu ne kuma suna da ikon share ɗakinsu. Amma ka san yadda masallatanmu suke yi: a jingina waya a kan tirayifod, a danna kai tsaye, a tashi a tafi, kowa yana ganin an adana. Wa ya karanta sanarwar? Cikakken karatu ya cika kwana talatin ya tafi, guntun da aka ciro daga cikinsa yana nan yana yawo har illa ma sha Allahu. Ranar da rigima ta tashi aka ce a kawo asali, babu asali.

Tafsirin Shehu Abubakar Gumi na masallacin Sultan Bello ya kai ga waɗanda aka haifa bayan rasuwarsa a 1992 domin Rediyon Kaduna ya ɗauka, mutane kuma sun adana kaset. Haka karatun Shehu Nasiru Kabara, haka na Malam Ja'afar Mahmud Adam. Kaset ɗin da muke rainawa ya riƙe amana shekara talatin, arba'in. Ban tabbata abin da muke ɗauka yau da kyamara mai tsada zai kai goma ba, tunda a ɗakin aro muke ajiye shi, mai ɗakin kuma yana wata nahiya.

Muna buƙatar rumbu namu, inda ba a tambayar tsayi. Ba ina nufin a gina wani YouTube na gwamnati ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wurin ajiya kawai nake nufi: a kai cikakken abu, a rubuta wane ne, ina, yaushe, a ba shi adireshin da ba ya canzawa, kowa ya iya saurare ko ya sauke. Akwai irinsa a duniya, Internet Archive yana karɓar dogayen fayiloli kyauta, wasunmu ma can muke kaiwa. Gwamnati tana da Galaxy Backbone mai rumbunan ajiyar bayanai. Masu sanin abin da ya cancanci adanawa kuma suna nan: Gidan Arewa a Kaduna, Gidan Ɗan Hausa a Kano, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, sassan Hausa na jami'o'inmu, har da cibiyar CELHTO a Yamai, wadda ta daɗe tana tattara adabin baka. Su suna da ilimin, ku kuna da injin. Sharaɗi ɗaya zan gindaya, kuma da gaske nake: kada rumbun ya zama wurin tace wanda za a ji da wanda ba za a ji ba. Ɗan Izala da ɗan ɗariƙa, mai wa'azin coci da mai kalangu, kowa a karɓi nasa cikakke. Ranar da aka fara zaɓe, ranar mutane za su daina kawowa, ni ne ma na farko.

Watanni kaɗan da suka wuce wani dattijo ya turo ɗansa shagona da kwalin taliya cike da kaset, karatun mahaifinsu ne na shekaru da dama a zauren gidansu, ba a taɓa sa shi a rediyo ba. Wasu zaren ya manne, wasu na gyara da reza da salatif. Na juye abin da ya juyu, ya haura awa saba'in. Na ba su nasu a mamori, na kuma roƙi izini na riƙe kwafi. Yana cikin wani faifan ajiya a ƙarƙashin teburina, tare da na wasu gidajen, kuma tun watan jiya faifan ya fara wani ƙara-ƙara idan na kunna shi. In an samu wurin kaiwa, a sanar a rediyo, zan kawo da kaina.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani mai ɗaukar karatu,
daga Kano.